Zogalen Umma, Lamba Arba'in da Bakwai

Salama gare ku, mutanena. Na ga saƙonninku duka, har da na baiwar Allahn nan ta Damagaram da ta ce in fita harkar Abdulrasheed tunda har ya iya kwana huɗu bai neme ni ba. 'Yar'uwa, ki sassauta wa bawan Allah. Ki bari ki ji abin da na aikata tukuna, in ya so sai ki zaɓi wanda za ki zaga a cikinmu.

Ga waɗanda yau suka fara shigowa, sunana Saffana, shekarata ashirin da huɗu. A Panyu muke zaune, kudancin Guangzhou, ni da Abbana, Alhaji Ilu, da ke harkar kargo a unguwar Sanyuanli. Tun ina 'yar shekara tara aka kawo ni ƙasar nan, shi ya sa nake jin yarensu, nake kuma karanta shi. Muna hawa na uku a gidan wata tsohuwa 'yar Caina da kowa ke kira Apo. Daga tagar kicin ɗinmu ana hango wani fili mai ciyayi a bakin rafi, inda tsofaffin unguwa ke shuka kabeji da albasa.

A kusurwar filin nan Ummata ta shuka zogale. A tsohon gwangwanin man shafawa ta zo da 'ya'yansa guda uku daga Kano, biyu suka ruɓe, ɗaya ya fito. Duk shekara, lokacin nan da bangon ɗaki ke gumi saboda danshi, sai ta ɗaura zani a kan doguwar rigarta, ta ɗauki adda ta sare masa kai daidai ƙugunta. Apo ta riƙe baki tana ihu da yarensu, Umma tana dariya. Kafin wata guda sai ka ga ya fashe da sabon ganye ta ko'ina.

Umma ta tafi gida bikin ƙanwarta, aka rufe hanyoyi saboda annoba, ta maƙale a can. A shekara ta biyu ciwo ya kwantar da ita. Da safe aka kira mu, kafin mu gama fahimtar abin da ake faɗa an riga an kai ta. Ban ga gawarta ba, ban zauna zaman makokinta ba. Abin da ya rage min da hannunta ya taɓa, kuma yake numfashi, bishiyar nan ce kaɗai. Tun daga ranar babu wanda ya ƙara kai mata adda. Ni na kasa, Abba kuwa ko kallon tagar ba ya yi. Sai ta miƙe abinta, ta yi kauri, ta wuce barandar hawa na biyu.

Bara aka wayi gari an kafa wani ƙaton allo a bakin filin. Zane ne mai kyau, wallahi: dogayen gidaje goma sha biyu, filin shan iska a tsakiya, da hanyar tafiya a ƙafa da za ta bi bakin rafi. Na bi hanyar da yatsa har na iso kusurwarmu. A kan zogalen Umma ta bi, ɗoɗar.

Ina tsaye ina kuka a cikin mayafina na ji an ce, “Baiwar Allah, lafiya?”

Da Hausa! Na juyo na ga dogon mutum da hular kwano da rigar leda mai ruwan lemo, tef ɗin awo rataye a wuyansa. Shi ne Abdulrasheed, ɗan Gwammaja. Karatu ya kawo shi, ya gama ya samu aiki a kamfanin da ke zana lambuna da hanyoyin wannan gini. Ban san lokacin da na zazzage masa labarin Umma ba, ina jan hanci kamar ƙaramar yarinya.

Bai ce min in yi haƙuri ba. Zuwa ya yi ya tsaya jikin bishiyar, ya zagaya mata awo daidai ƙirjinsa, ya duba, ya sake dubawa.

“Kin san wani abu? A tsarin wannan aikin, duk bishiyar da kaurinta ya kai wani adadi in an auna ta a tsayin ƙirji, ana iya neman a bar ta. Taki ta wuce da faɗin yatsa ɗaya.”

“Yatsa ɗaya?”

“Ɗaya tak. Amma ta wuce.”

Ranar ya ɗaura mata wata 'yar farar lamba da waya: arba'in da bakwai. Daga lamba aka koma gaisuwa, daga gaisuwa aka koma abin da kuka sani. Wata takwas yana fama da laoban ɗinsa, wato maigidansa a wurin aiki, wani mutum mai tsaurin ido da ba ya son a taɓa masa layi in ya ja. Sau uku Abdulrasheed yana lanƙwasa hanyar a zane, sau biyu ana miƙar da ita. A na ukun ya ce musu ya ɗauki nauyi da sunansa, in an samu matsala shi za a kama.

Ranar Talatar makon jiya ina goge kicin saƙonsa ya shigo ta WeChat. Hoton takarda ne mai jan hatimi.

“Hukumar birni ta sa hannu. Duba kusurwar hagu.”

Na buɗe hoton na ja shi da yatsu. Hanyar ta taho a miƙe, tana isowa kusurwarmu sai ta yi wani ɗan lanƙwasa kamar mai kauce wa babba, ta zagaye wani koren ɗigo, ta wuce. Har da benci a ƙarƙashinsa. Na zauna a ƙasan kicin da tsumman a hannuna na yi kuka mai isata.

Saƙo na biyu ya biyo baya. Zan kwafo muku shi yadda yake, don kada gobe in ce ban gani ba.

“Saura abu ɗaya. Ranar Litinin ma'aikaciyar hukuma za ta zo ta duba kowace bishiya da ke cikin jerin, ta auna da kanta. Don Allah, Saffana, kada kowa ya taɓa ta kafin nan. Kowa.”

Na mayar masa da, “An gama, ranka ya daɗe,” har da hoton zuciya.

Washegari Gwaggo Lauratu ta sauka. Yayar Abba ce, 'yar kasuwa, duk bayan wata shida tana zuwa sarin kaya a kasuwar Shisanhang. Wannan karon ta haɗa da wani dalilin: ranar Lahadi kawun Abdulrasheed, da shi ma ya shigo sari, zai zo da mutum biyu neman aurena a wurin Abba. Gwaggo ta ce ba za a yi wannan zama babu mace babba a gidan ba.

Ta shigo da akwatuna uku da ƙamshin humra. Kafin ta cire mayafi ta shafa bango da yatsa.

“Wannan wane irin gida ne yake zufa kamar ɗan dako? Ke 'yar nan, ina turaren wutarku?”

Ta zazzage tsaraba a tsakar falo: daddawa, kuka, ƙuli-ƙuli, tsakin masara, yajin citta, da atamfa shuɗiya mai zanen ganye da ta sa aka ɗinka min riga da siket. Tana jerawa tana yi min tambayoyi kamar alƙali.

“Shi yaron, me kika ce yake yi?”

“Zanen lambu da hanya, Gwaggo.”

“Hanya. Ga 'yan kasuwa cike da gari, ke sai mai zanen hanya. To, Allah Ya sa alheri, ni ba na hana ba. Amma ki saurare ni. Mutanen nan da za su zo, da ido biyu za su zo. Can gida an riga an fara cewa yarinyar tashin Caina ce, ba uwa a kusa, da tsinke take cin abinci. Me za ki dafa musu?”

“Na ce ko soyayyar shinkafa da kaza...”

“Shinkafa! Mutum ya yi sati biyu yana cin shinkafa a otal, ya zo gidan surukai ki sake tura masa shinkafa?”

Tana faɗa tana leƙa tagar kicin. Sai ta ƙura wa filin ido. Ni dai na san wannan kallon na Gwaggo ba alheri ba ne.

“Wancan ba zogalen Asma'u ba ne?”

Asma'u sunan Ummata ne. Na ce shi ne.

“Innalillahi! Haka kuka bar shi? Ya zama falwaya, ganye can sama sai tsuntsu? Ke ba ki san zogale in ba a sare shi ba yana tsufa ya mutu a tsaye ba? Uwarki ta yi shekara goma tana kula da abu, ku kun yar da shi kamar ba ta taɓa rayuwa a gidan nan ba.”

Wannan maganar ta shige ni har ƙashi. Na ce, “Gwaggo, an ce kada a taɓa ta. Hukuma za ta zo duba.”

“Wa ya ce tumɓuke ta za a yi? Aski ne. In sun zo su tarar da ita tsaf, an gyara. Kuma ga dambu, ga kwaɗo, ga miyar gyaɗa. Su koma gida su ce a Caina suka ci zogale ɗanye daga gonar uwar yarinya. Wa zai ƙara buɗe baki?”

Na kira Abba a waya. Yana tsakiyar lodin kwantena, hayaniya ta cika kunnena. Ya ce, “Ki bi abin da Gwaggonki ta ce, Mamana, ta fi ni sanin waɗannan abubuwan.” Ya kashe.

Kwana uku ina zillewa. Na ce mu sa gora mu kakkaɓo, ta ce ganyen sama ya tsufa, kuma ba zai ishi mutum shida ba. Na ce mu nemo busasshe a Sanyuanli, ta ce ita ba ta zo ƙasar nan don a kunyata ta ba. Ranar Asabar da hantsi ta ciro addar Umma daga bayan ƙofar kicin, ta wasa ta a dokin taga, ta sauka ƙasa. Na bi ta a guje, na ɗaura zanin atamfa a kan abayata don kada ciyawa ta ɓata min ita.

A gindin bishiyar ta gwada sau biyu, kafaɗarta ta ƙi. Ta miƙo min.

“Karɓi. Ke ce mai ƙarfi.”

Na karɓa don in ajiye, Allah Ya sani. Sai Gwaggo ta ja da baya, ta dube ni daga sama har ƙasa, muryarta ta karye.

“La ilaha illallahu. Asma'u sak. Har tsayuwar, har ɗaurin zanin.”

Mutanena, a nan ne nake so ku ji ni da kyau. Ban manta da saƙonsa ba. Yana cikin kaina, kalma bayan kalma, ga lambar nan fara tana lilo a gaban idona. Amma shekara huɗu babu wanda ya kira sunan uwata a gabana da irin wannan murya. Na ji ƙotar addar ta zauna a tafina daidai inda hannunta ya goge ta. Na ce wa kaina ai gyara ne, ai za ta tsiro, ai Umma ma haka take yi. Na kwance lambar, na daidaita ƙuguna, na sara.

Zogale ba shi da taurin kai. Sara biyar bishiyar ta tafi, ta kwanta a kan kabejin mutane. Apo ta fito baranda tana ihu, irin ihun da take yi wa Umma, sai na ji ina dariya hawaye na zuba. Na mayar da lambar na ɗaura a jikin kututturen. Rassan kuwa, bayan mun tsige ganyen, mai kwasar shara ya tafi da su da yamma.

Ranar Lahadi komai ya tafi yadda Gwaggo ta so. Na sa shuɗiyar atamfar, ta kafa min ɗauri, ta zana min jan lalle a yatsu. Baƙi suka zo cikin shadda da huluna, aka shimfiɗa darduma a falo, turaren wuta ya kore warin danshi. Ina kicin ina jiyo kawun nasa yana cewa, “Alhaji, wannan dambun a nan aka yi shi? Zogale ɗanye a Guangzhou? Kai, masha Allah!” Abba ya yi dariyar da na daɗe ban ji ba. Aka ba su ni. Aka ce in sun koma gida za a tsayar da rana.

Shi ango ba ya zuwa irin wannan zama, sai saƙo ya turo da la'asar.

“Kawu ya ce ya ci abin da bai taɓa ci ba ko a gida. Me kika ba su haka?”

Na rubuta, na goge. Na ce, “Sirrin mata ne.”

“To Hajiya. Gobe ƙarfe goma, kar ki manta. Zan zo da laoban da kansa, ina so ya ga abin da ya sa na dame shi wata takwas.”

Duk da haka ban faɗa masa ba.

Litinin ƙarfe goma saura na sauka da baƙar abaya da farin mayafi. Na hango su suna tahowa ta bakin rafi, suna tsayawa a kowace bishiya: ma'aikaciyar hukuma, 'yar siririya mai gilashi da allon rubutu, wani mai ɗauke da gwangwanin fenti, laoban da hannaye a baya, sai Abdulrasheed a gaba cikin farar riga da ya goge ta har tana ɗaukar ido. Yana magana yana nuna sama, wajen da ya saba ganin kan bishiyar.

Na ga lokacin da hannunsa ya tsaya a iska.

Ya ƙaraso a hankali. Ya dubi kututturen, ya dubi lambar, ya dubi jan lallen hannuna.

Matar ta duba takardarta. “Arba'in da bakwai,” ta faɗa da yarensu. Ta warware awonta, ta ɗaga shi daidai ƙirjinta kamar yadda aikinta ya ce, ta miƙa hannu. Babu abin da za ta zagaya wa. Kututturen a ƙugunta ya tsaya.

“Meiyou,” ta ce. Babu.

Na matsa na fara yi mata bayani, harshena na sarƙewa. Na ce a ƙasarmu haka ake yi, gyara ne, nan da wata ɗaya za ta ga ganye, ta auna daga ƙasa ta ga kaurin. Ta saurare ni har na gama, ba ta yi min wulaƙanci ba, ta ma ce na iya yarensu. Sannan ta nuna min layin da ke takardar. A tsayin ƙirji ake awo. Abin da ke gabanta kututture ne, kuma ba ta da gurbin rubuta kututture a jerin bishiyoyi.

Mai fenti ya girgiza gwangwaninsa ya fesa jan gicciye.

Laoban ya juya wajen Abdulrasheed. Bai ɗaga murya ba, kuma da ya ɗaga da ya fi min sauƙi. Ya ce, “Wannan ce ka sa sunanka a kai?” Ya ce a miƙar da hanyar kafin Juma'a, a mayar wa hukuma gyaran zane, kuma shi da ya lanƙwasa shi zai miƙar. Abdulrasheed ya sunkuyar da kai ya ce to. Suka wuce lamba arba'in da takwas, suka bar ni a tsaye.

Na hau sama na faɗa kan gado da takalmina. Gwaggo ta zauna a gefena, ɗankwalinta a hannu.

“Ni na ja miki. Wallahi ban san haka suke awo ba. In ya tambaya ki ce ni ce. Ki ce kina kasuwa na sare. Tsohuwa ce ni, ba abin da zai ce min.”

Abba ma da ya dawo ya ji, haka ya ce. “Ki bar shi a kan Gwaggonki, Mamana. An riga an ba da ke jiya, kar a fara da ɓacin rai.” Sannan ya je ya tsaya a tagar kicin, tagar da ya yi shekara huɗu yana kauce wa, ya daɗe bai juyo ba.

Bayan magariba saƙon ya shigo. Babu sallama, babu Hajiya.

“Tambaya ɗaya zan miki. Ba ki nan aka yi, ko mantawa kika yi?”

Kun ga, har hanyar fita ya buɗe min, guda biyu. Gwaggo tana kaina tana cewa rubuta, rubuta. Na shiga banɗaki na kulle.

“Ina nan. Ban manta ba. Da hannuna na sare, ina sane da abin da ka ce.”

Na tura. WeChat ba ya nuna maka ko an karanta. Talata ta wuce, Laraba, Alhamis. Na kira sau biyu, ta yi ta ringi har ta katse. Abinci ya daina wuce min. Gwaggo ta fasa zuwa Shisanhang, ta zauna tana jan carbi tana satar kallona.

Yau Juma'a da safe na sauka filin. An riga an zagaye rabinsa da shuɗin kwano, ga motar haƙa ƙasa mai launin ruwan ɗorawa a bakin ƙofa, an lulluɓe kujerarta da leda. Na tsuguna gaban kututturen. A jikin ɓawon, ƙasa kaɗan da jan fentin, idanu sun fara kumbura. Na ƙirga guda bakwai, ɗaya har ya fashe da ɗan kore. Ita ta yi abin da ta saba yi wa Umma, ba ta san an riga an goge ta daga takarda ba. Na rungume ta na ce Umma ki yafe min, har fentin ya ɓata min mayafi.

Na daɗe a wurin. Ina hawowa bene, bayan an sauko daga masallaci, wayata ta yi ƙara. Shi ne.

“Na miƙa zanen da safe. Hanya ta miƙe. Gobe ƙarfe bakwai za su fara daga kusurwarku, kuma ba ni da bakin da zan ƙara roƙon kowa.”

Ina karantawa wani ya shigo.

“Na tambayi masu lambun kamfaninmu. Sun ce in aka yanko guntun da ke da idanu aka dasa a tukunya, yana iya kamawa, yana iya ƙin kamawa. Ni ba zan taɓa ta ba. In kina son wani abu nata ya rage, ke za ki sake sara, yau. Ina bakin rafi bayan la'asar da tukunya da ƙasa. Ki zo da addar.”

Na rubuta, “Mu fa, Abdulrasheed?”

Na tsaya a kan matakala ina kallon wayar har fuskarta ta yi duhu. Na kunna, ta sake duhu. Bai amsa ba.

Yanzu da nake muku wannan rubutun an kira la'asar a wayar Abba. Na yi salla. Na sa abayata, na ɗauko zanin nan na ɗaura a kai. Gwaggo ta miƙe za ta bi ni, na ce ta zauna. Addar tana bayan ƙofar kicin inda na jingine ta, ɗanyen ruwan bishiyar ya bushe a bakinta, ko wanke ta ban yi ba.